Ziyara zuwa Salaga, tsohuwar kasuwar Gwanja da fatake suka raya

Daga wakilinmu a Savelugu

Duk ɗan kasuwar da ya tashi a gidan fatauci, ko a Kano ne ko Katsina ko Maraɗi ko zangon Bawku, da wuya a ce bai taɓa jin tsofaffi suna ambaton Gwanja ba. A zamanin da, idan aka ce wane ya tafi Gwanja, to iyalinsa sun san sai addu'a, domin tafiya ce ta watanni, wani ya dawo da arziki, wani kuma sai dai labari. Abin da da yawa daga cikinmu ba su sani ba shi ne, babbar kasuwar Gwanjar nan da ake faɗi tana nan har gobe. Sunanta Salaga, kuma tsakaninta da Tamale kusan kilomita 120 ne ta kudu maso gabas.

Kullum motocinmu na albasa da shanu da hatsi suna ratsa Savelugu da Tamale su nufi Techiman da Kumasi, amma ƙalilan ne daga cikinmu suka taɓa ware kwana biyu suka karkata don su ga garin da kakanninmu suka kashe takalma wajen zuwansa. Baƙi kuwa daga Amurka da tsibiran Karebiyan suna biyan kuɗin jirgi mai yawa su zo su tsaya a bakin rijiyoyinsa suna hawaye. Ya kamata mu ma mu je, domin a can akwai tarihinmu, mai daɗi da marar daɗi, akwai kuma darasin da duk mai rumfa a kasuwar kan iyaka yake bukata.

Yadda ake zuwa

Salaga ita ce hedkwatar ƙaramar hukumar Gonja ta Gabas. A da tana cikin Jihar Arewa ne, amma tun 2019 ta koma sabuwar Jihar Savannah mai hedkwata a Damongo. Wanda ya taso daga Bawku zai biyo Bolgatanga da Walewale da Savelugu ya sauka Tamale, daga nan ya shiga motar Salaga. Wanda ya shigo ta ɓangaren Togo zai iya biyowa ta Yendi da Bimbilla. Mai tasowa daga Kumasi kuma yana iya bin tsohuwar hanya ta Atebubu zuwa Yeji, ya ƙetare tafkin Volta a jirgin fito zuwa Makango, daga can Salaga ba nisa.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, wato bayan ɗaukewar ruwa, kafin zafin bazara ya kankama. Da rani dama fatake suke isowa, saboda a lokacin ne koguna suke ƙeturuwa. Da damina hanyoyin yankin sukan wahalar da mota, don haka a tambayi direbobi a tasha kafin a kama hanya. Mutanen Bawku kuma sun fi kowa sanin cewa tun da rikicin sarauta ya sake tashi a ƙarshen 2021 an sha sanya dokar hana fita, saboda haka tafiyar rana ta fi, kuma a nemi labarin hanya kafin a fito.

Game da takardu, ɗan ƙasar ECOWAS ba ya bukatar biza, amma ya riƙe fasfo ko katin shaidarsa da katin rigakafin shawara. 'Yan'uwanmu na Nijar da Burkina Faso su tuna cewa ƙasashensu sun fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, kodayake a lokacin ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar takardunsu har sai an sake sanarwa. Gara mutum ya tabbatar a bakin iyaka kafin ya yi nisa. Maganar harshe kuwa ba matsala, da Hausa za ka yi ciniki, ka nemi masauki, ka tambayi masallaci, ko da yake masu ƙasar Gwanjawa ne kuma da harshensu.

Goro ne ya gina garin

Mai karatu zai iya tambaya, me ya kai Bahaushe wannan uwa duniya? Amsar ita ce goro. Goron da Hausawa suka fi so a dajin ƙasar Ashanti yake fitowa, su kuma sarakunan Ashanti ba su cika barin baƙi su kutsa cikin dajin su saya da kansu ba. Sai aka bukaci wata kasuwa a bakin daji inda mai goro da mai saye za su haɗu, kuma Salaga ce ta samu wannan rabo, musamman bayan da Ashanti suka mamaye gabashin Gwanja a tsakiyar ƙarni na 18.

Hulɗar ƙasar Hausa da Gwanja ta girmi haka. Littafin Tarihin Kano ya ambaci buɗe hanyar Gwanja tun zamanin Sarki Abdullahi Burja, a ƙarni na 15. To amma a ƙarni na 19 ne cinikin ya kai ƙololuwa, kuma dalilai biyu ne suka haɗu. Na farko, jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804 ya haifar da babbar daula mai yawan jama'a, inda giya ta zama abin ƙyama, goro kuma ya zama abin fita kunya a biki da suna da gaisuwar manya. Na biyu, Ingila ta haramta cinikin bayi ta teku a 1807, lamarin da ya sa Ashanti suka ƙara mai da hankali ga kasuwar arewa. Wasu masana tarihi sun ƙiyasta cewa a lokacin da garin ke ganiyarsa mutanensa sun kai dubu 40 zuwa dubu 50.

Manyan masu wannan fatauci su ne Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari. Ayari yakan tashi da ɗaruruwan mutane, wani lokaci fiye da dubu, da jakuna da alfadarai da takarkarai da 'yan alaro. Madugu ne shugaba, ga jagaba mai sanin hanya, ga uban dawaki, ga malamin ayari mai riƙe da lissafi da addu'a. Sukan ƙetare Kwara ta wajen Yawuri ko Ilo, su ratsa Borgu ta Nikki da Jugu, su biyo Sansanin Mango ko Yendi, sannan su sauka Salaga bayan wata biyu zuwa uku. A kowace ƙasa sai madugu ya zauna da sarki an daidaita kuɗin fito, idan ba a daidaita ba kuwa 'yan fashi na jira a gaba. Wanda ya san shingayen hanyar Bawku zuwa Kumasi a yau zai ce ashe abin ya daɗe.

Abin da suke kawowa ya haɗa da kanwa da rigunan Kano da turkuɗi da jar fata da gabu da dabbobi. Idan sun iso, kowane falke yana da maigidansa a gari, wanda zai ba shi masauki, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa idan bashi ya shiga tsakani, shi kuma ya samu la'adarsa. Da wuri ake lissafi. Komawa gida ta fi zuwa wuya, domin goro ɗan lele ne, sai an riƙa kwance huhu a hanya ana yayyafa ruwa, ana tsince wanda sankara ta kama kafin ya ɓata sauran.

Abin da baƙo zai gani

Kada wanda zai je ya sa ran ganin ganuwa irin ta Kano ko dogayen gine-gine. Salaga ta yau gari ne madaidaici na manoma doya da 'yan kasuwa da ma'aikata, kuma a yini ɗaya mutum zai iya zaga muhimman wurarenta. Abin da zai fara jan hankalin Bahaushe shi ne sunaye. Akwai Unguwar Alhaji, akwai Unguwar Malam, kuma manyan wuraren tarihin garin da Hausa ake kiransu har yau.

Wuri na farko shi ne filin tsohuwar kasuwar bayi a tsakiyar gari, wanda ya daɗe yana zaman tashar mota. Tsohuwar kukar da ake ɗaure mutane a gindinta ta faɗi, an dasa wata a madadinta. A 2024 hukumar yawon buɗe ido ta Ghana ta gyara wurin tare da wasu daga cikin rijiyoyin. Ana kuma nuna wa baƙi sarƙoƙi da mari da bindigogin toka da masu na wancan zamani.

Na biyu su ne rijiyoyi. Ana yi wa Salaga kirari da gari mai rijiya dubu, kuma duk wanda ya zaga zai gane dalili. Ƙananan rijiyoyi ne masu ƙaramin baki da aka haƙa cikin marmara, wasu a jere kusa da juna. Garin ba ya bakin babban kogi, ga shi kuma da rani dubban baƙi da dabbobinsu suke sauka, don haka ruwa kansa haja ne. Da yawa daga cikin rijiyoyin sun cike, wasu ciyawa ta rufe su, saboda haka a bi a hankali, kuma a riƙe hannun yara.

Na uku shi ne Wankan Bayi, wani wuri a bayan gari inda, kamar yadda masu ba da tarihin wurin ke faɗi, ake yi wa bayi wanka a shafe su da man kaɗe don su yi kyan gani kafin a kai su kasuwa. Na huɗu kuma Rafin Angulu, inda ake jefar da gawar waɗanda suka mutu kafin a sayar da su. Sunan kaɗai ya isa bayani.

Daga nan sai Kpembe, 'yar tafiya kaɗan daga Salaga, inda fadar Kpembewura take. Shi ne sarkin ƙasar, kuma tun asali haka tsarin yake, sarauta a Kpembe, kasuwa a Salaga. Wanda ya yi sa'a ziyararsa ta dace da watan Maulidi zai ga bikin Damba. Idan za a shiga fada a nemi ɗan gari ya yi jagora, a cire takalmi, kuma kada a je hannu sake. Goron gaisuwa dai Bahaushe ba sai an koya masa ba.

Maganar da ba a son tayarwa

A nan akwai gaskiyar da ya kamata mu faɗa wa kanmu. Wuraren nan ba su samu sunan Hausa a banza ba, sun same shi ne domin Hausa ce harshen kasuwar, kuma a kasuwar an sayar da 'yan Adam kamar yadda aka sayar da goro da kanwa. Ashanti suna karɓar bayi a matsayin haraji daga Gwanja da Dagomba. Daga baya kuma, tun daga wajejen 1860 har zuwa ƙarshen ƙarnin, mayaƙan Zabarmawa ƙarƙashin Alfa Hano da Gazari da Babatu suka yi ta kai hari ƙasashen Gurunsi, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka kama a Salaga aka sayar da su. Fatake sun saya, sun sayar, sun kuma ɗora wa wasu kaya har ƙasar Hausa.

Jikokin waɗanda aka kai wa harin su ne abokan cinikinmu a Bolgatanga da Navrongo da Paga da Sandema. Hasali ma, bikin Feok da Builsawa suke yi a Sandema kowane Disamba yana tuna nasarar da suka samu a kan Babatu ne. A Salaga kanta jikokin masu saye da jikokin waɗanda aka saya suna zaune tare, sun yi auratayya, suna sahu ɗaya a masallaci. Don haka babban abin kunya ne baƙo ya tambayi mutum asalin gidansu, ko ya yi wasa da kalmar bawa. Haka kuma idan ka tarar da baƙi 'yan ƙasashen waje suna kuka ko addu'a a bakin rijiya, ka ba su wuri, kada ka ɗauke su hoto, kada kuma ka tsaya tallata musu kaya a wannan lokaci.

Yadda kasuwar ta mutu

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi shafar mai rumfa. Salaga ba ta mutu a rana ɗaya ba, duka uku ta sha.

Na farko a 1874 ne, lokacin da sojojin Ingila suka ci Kumasi suka ƙone ta. Da labari ya iso, Gwanjawa suka yi tawaye suka kakkaɓe ikon Ashanti. 'Yanci ya samu, amma Ashanti suka rama ta hanyar hana goro zuwa Salaga, suka karkatar da shi Kintampo. Kasuwar da ba ta da hajar da aka san ta da ita kuwa, sai a hankali. A daidai wannan lokaci Turawa suka fara zarya. Bafaranshe Binger ya zo a 1888, Bajamushe Krause, wanda Hausawa suka laƙaba wa Malam Musa, ya zauna a garin, kuma a 1888 ɗin Ingila da Jamus suka amince yankin Salaga da Yendi ya zama ba na kowa ba a tsakaninsu, kafin su raba shi a 1899.

Duka na biyu shi ne ya karya ƙashin bayan garin. A 1892 rikici ya ɓarke tsakanin gidajen sarautar Kpembe a kan wanda ya cancanci gadon mulki. Kabachewura Isifa ya nemo taimakon Dagomba da Nanumba, aka kori Kpembewura Napo, aka wawashe Salaga. Fatake ba su da hannu a gadon sarautar, amma dukiyarsu ce ta ƙone. Sai suka watse, wasu Kete Krachi, wasu Yeji, wasu Kintampo, wasu Kumasi da Accra. Zangunan kudu da yawa sun ƙaru da mutanen Salaga, kuma har yau akwai kasuwa a tsohon garin Accra da ake kira Kasuwar Salaga. Da ƙura ta lafa an yi ta kiran mutane su dawo, amma ɗan kasuwar da ya riga ya samu maigida da abokan ciniki a wani gari ba ya dawowa don an roƙe shi.

Na uku hanya ce ta sauya. Goro ya koma bin jirgin ruwa daga gaɓar teku zuwa Ikko, sannan jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911. Alhassan Ɗantata, wanda Ba'agale ne ɗan gidan madugai, yana cikin waɗanda suka gane haka da wuri suka rungumi hanyar teku, kuma kowa ya san inda gidansa ya kai. Daga baya, da aka gama madatsar Akosombo a 1965, tafkin Volta ya yanke tsohuwar hanyar Kumasi zuwa Tamale da ke bi ta Yeji da Salaga, manyan motoci suka koma bin Kintampo da Buipe.

Duk wanda ya ga yadda rikicin Bawku ya sa wasu 'yan kasuwa suka kwashe kayansu zuwa wasu garuruwa, ba ya bukatar a yi masa dogon sharhi. Kasuwa amana ce da hanya, idan ɗaya ta gushe ɗayar ba ta tsayawa.

Malamin da ya rubuta abin da ya gani

Ba dukiya kaɗai ayari yake ɗaukowa ba, har da ilimi. Mafi shahara a malaman da Salaga ta yi shi ne Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano wajen 1858, asalin gidansu kuma Kabi. Fatauci ne ya kawo shi Gwanja, ya zauna Salaga yana karantarwa, kuma yaƙin 1892 ya rutsa da shi. Daga baya ya koma Kete Krachi inda ya zama limami, ya rasu a can a 1934. Ya yi waƙa da Larabci a kan rushewar Salaga, ya yi waƙoƙi a kan zuwan Nasara, ya kuma yi Waƙar Talauci da Wadata da Hausa. Rubuce-rubucen da ya yi wa jami'in Jamus Adam Mischlich a kan tarihi da al'adun Hausawa suna cikin abin da jami'o'i ke nazari har yau. Almajiransa sun bazu a zangunan Ghana, don haka idan ka zauna da malaman Salaga ka ambaci sunansa, hira ta buɗe.

A biya ta Yendi da Savelugu

Wanda ke da ƙarin kwana ɗaya ya koma ta Yendi, tsohon zangon fatake kuma mazaunin Ya-Na, sarkin Dagomba. A can kabarin Babatu yake, domin a Yendi ya ƙare rayuwarsa a 1907, kuma zuriyarsa suna ajiye da wasu kayan yaƙinsa. Akwai maƙabartar Jamusawa, akwai kuma Adibo a kusa, inda Jamusawa suka yi wa mayaƙan Dagomba mummunar ɓarna a Disamban 1896.

A nan Savelugu, kimanin kilomita 25 arewa da Tamale, akwai fadar Yoo-Naa, kujerar da Ya-Na Abukari na Biyu ya taso daga kanta aka naɗa shi a Janairun 2019, bayan shekaru 17 ana takaddama. A ƙauyen Saakpuli kuma akwai tsohuwar kuka da rijiyoyin da ke da alaƙa da hanyar bayi. Idan ka shigo da safe ka ce wa mutane "Dasiba", za su amsa da "Naa", kuma ka riga ka yi rabin ciniki. Abinci ba zai ba ka wuya ba, ga koko da ƙosai, ga tuwon zafi, ga wake da shinkafa, sannan ka nemi wasawasa da ake yi da garin doya. Tsaraba kuwa, doyar Salaga da busasshen kifin Makango da man kaɗe sun isa.

Abin da ya rage gare mu

A ƙasar Ailan akwai wani ƙaramin birni mai suna Kilkenny, mutanensa ba su kai dubu 30 ba. Yana da tsohuwar fada ta dutse mai shekara kusan 800, wadda ta fara lalacewa har mai ita ya miƙa ta ga mutanen garin a 1967 a kan fam 50 kacal. Aka gyara ta, kuma yanzu dubban ɗaruruwan baƙi ne ke zuwa kowace shekara, masu masauki da masu abinci da masu sana'ar hannu suna ci daga ciki. Ghana ma ta ga irin wannan a 2019, shekarar da ta gayyaci jikokin bayi su dawo gida, sai dai yawancin baƙin a Cape Coast da Elmina suka tsaya, alhali da yawa daga cikin waɗanda aka fitar ta can daga arewa aka kamo su.

Baƙon da ya iso Salaga yana bukatar ɗaki mai tsabta, da mota mai tashi a kan lokaci, da wanda zai ba shi labari na gaskiya, da abin da zai saya ya kai gida. Duk wannan aikin maigida ne da dillali, wato sana'ar da kakanninmu suka yi a garin nan. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da sarakunan zango za su iya shirya mota guda bayan Sallah su kai matasa su gani da idonsu, su kuma zauna da dattawan da suka rage a naɗi abin da suka ji daga iyayensu tun suna raye. Kowace damina tana cike wata rijiya, kowace shekara kuma ana rasa wani dattijo.

Allah Ya jiƙan magabata, waɗanda suka tafi da ƙafarsu da waɗanda aka tafi da su a ɗaure, Ya zaunar da kasuwanninmu lafiya, amin.